Dokokin zanen bod mai saurin sigina: daga ina ake samo lambobin?

Abin da ke yawan cin masu fara zanen PCB, wato bod ɗin da ake jera kayan lantarki a kai, shi ne, mutum zai zauna ya ja layukansa tsaf a manhajar zane irin KiCad ko Altium, ya danna DRC, wato mai duba ko an karya dokokin zane, manhaja ta ce masa babu kuskure ko ɗaya, ya tura fayil masana'anta a Shenzhen ta ƙasar Sin ya biya da dala, ya jira makonni kafin kaya su iso, ya haɗa komai ya kunna sai kwamfuta ta ƙi gane USB ɗin, ko memori ya dinga kawo shirme jefi-jefi. Toh me ya faru tunda DRC ta ce lafiya? DRC ba ta san komai game da lantarki ba, dokokin da ka ba ta kawai take dubawa. In ka bar mata waɗanda suka zo da manhajar, ko ka kwafo na wani a intanet ba tare da ka san a wane irin bod ya yi amfani da su ba, to amsar da za ta ba ka ba ta da wani amfani. Shi ya sa nake ganin kafa dokokin nan shi ne ainihin aikin, jan layin kuwa biyo baya yake yi.

Mu fara da abin da ake nufi da sauri, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Sai ka ji mutum ya ce ai kulok ɗina, wato siginar da ke buga lokaci, 25 MHz ne kawai, ba ruwana da wannan maganar. Ba yawan bugun kulok ne ke kawo matsala ba, saurin tashin sigina daga 0 zuwa 1 ne. Aisi na yanzu, wato guntun IC, ko da a hankali kake aiki da shi, ƙafarsa na iya tashi cikin nanosakan 1 ko ƙasa da haka, saboda an ƙera shi da ƙananan tiransisto masu zafin nama. Akwai ɗan lissafi da kowa ke amfani da shi, ka raba 0.35 da lokacin tashin, sai ka ga tashin nanosakan 1 yana ɗauke da firikwansi har wajen 350 MHz a cikinsa. A ɗaya ɓangaren kuma sigina ba nan take yake isa ba, a cikin FR-4, wato saƙar zaren gilashi da ƙaro da ake yin yawancin bod da ita, yana tafiyar kusan santimita 15 a nanosakan ɗaya, wajen rabin saurin haske kenan. Kaga in tashin ya ɗau nanosakan 1, to gefen siginar kansa ya miƙe tsawon santimita 15 a kan tagulla. Wasu injiniyoyi na ɗaukar kashi ɗaya cikin 6 na wannan tsawon a matsayin iyaka, wato santimita 2.5, wasu sun fi tsanantawa wasu sun fi sassautawa, amma dai manufar ɗaya ce, layin da ya wuce nan ya daina zama waya kawai mai haɗa ƙafa da ƙafa, ya zama hanya mai halinta na kanta, kuma wannan halin shi ake kira imfidans, wanda ake aunawa da om.

Imfidans ɗin layi ba ruwansa da tsawo, abubuwa huɗu ne ke yanke shi: faɗin layin, tazarar da ke tsakaninsa da shimfiɗar giraun da ke ƙarƙashinsa, wato faffaɗar tagullar da karent ke komawa ta cikinta, lambar Dk ta abin da ke tsakaninsu, wato ma'aunin yadda abin ke rage saurin sigina, wadda a FR-4 take kaiwa wajen 4.2 zuwa 4.5, sai kaurin tagullar wanda galibi mikron 35 ne a leyar waje. Duk inda imfidans ya canza a hanya, wani kaso na siginar zai juyo baya. Daga om 50 ka faɗa om 75, kashi 20 cikin 100 ne ke dawowa, in kuwa ƙarshen layin a buɗe yake to dukkansa ne zai juyo, ya je ya bugi mai turawa ya sake dawowa, shi ne wannan rawar da ake gani a osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina, wadda wani lokaci take sa aisi ya ƙirga bugun kulok ɗaya a matsayin biyu. Rezista ta om 22 ko 33 da kake gani an jera dab da ƙafar aisi a bod ɗin manyan kamfanoni, aikinta kenan, ta shanye abin da ya dawo.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a fahimta sosai. Tunda faɗin layi ya dogara da tazarar giraun, babu yadda za a yi ka rubuta dokar faɗi kafin ka san jerin leyoyin bod ɗinka. Wannan shi ne mataki na farko kuma shi aka fi tsallakewa. Ɗauki bod mai leya 2 mai kaurin milimita 1.6 da kowa ya sani, giraun yana can ɗaya fuskar, don ka samu om 50 sai layinka ya kai faɗin kusan milimita 3, wanda ko ƙafar aisi ɗaya ba zai shiga ba. Amma a bod mai leya 4 inda shimfiɗar giraun take wajen milimita 0.2 ƙarƙashin leyar sama, faɗin wajen milimita 0.35 ya isa, in kuma tazarar ta sauko kusa da 0.1 to layin zai dawo ƙasa da 0.2. Lamba ɗaya ce ake nema, om 50, amma faɗin ya bambanta fiye da ninki goma. To in wani ya rubuta cewa shi 0.2 yake sa wa layukan USB ɗinsa ka kwafa, me ka kwafa? Ba ka san tazararsa ba. Masu buga bod irin JLCPCB da PCBWay suna wallafa jerin leyoyinsu da kaurin kowace da lambar Dk a shafukansu, wasu har da na'urar lissafi, daga nan ake farawa. Ka zaɓi masana'anta, ka zaɓi jerin leya, sannan ka yi lissafi, sannan ka buɗe wajen dokoki. Kuma ka sani galibi alkawarin da suke yi shi ne imfidans zai faɗo cikin kashi 10 sama ko ƙasa, don ruwan da ke cin tagulla ba ya barin gefen layi a miƙe, koren fentin sama ma yana ɗan rage om kaɗan, saboda haka wahalar da kai a kan 50.0 da 50.4 ɓata lokaci ne.

Dokoki iri biyu ne kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai na masana'anta, wato mafi sirantar layi da za su iya bugawa, mafi ƙarancin tazara, mafi ƙanƙantar rami, nisan tagulla daga bakin bod. Waɗannan katanga ce, ba wajen zama ba. In sun ce suna iya milimita 0.1 ba yana nufin ka ja duk bod ɗin da 0.1 ba, ka ajiye shi sai inda dole ta sa. Ƙungiyar IPC tana da ƙa'idoji a wannan fannin, IPC-2221 don zane gaba ɗaya, IPC-2152 don yawan karent da layi zai iya ɗauka, IPC-2141 don imfidans. Sai kuma dokokin lantarki, su kuma daga takardar bayanan aisi da ƙa'idar kowace hanyar sadarwa suke fitowa. USB tagwayen layi ne masu om 90, Ethernet da HDMI om 100, PCIe yawanci 85, layukan memorin DDR kuma tsakanin 40 da 50 gwargwadon abin da mai aisin ya ce. Kowane rukuni sai ka ware masa ajinsa tun a zanen da'ira kafin ka shiga bod, ajin USB daban, na kulok daban, na wuta daban, sauran gama-gari su zauna a ajin kowa da kowa.

Amma dokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wadda yawancin manhajoji ba sa duba maka da kyau, wato hanyar dawowar karent. Tun a makaranta an koya mana karent sai ya zagayo ya koma inda ya fito, amma a zanen da'ira alamar giraun kawai muke mannawa mu wuce kamar wani rami ne da yake haɗiye komai. A firikwansi mai yawa karent ɗin dawowa ba ya bin gajeriyar hanya, yana bin ƙarƙashin layin siginar ne daidai wa daida a cikin shimfiɗar giraun, duk inda layin ya lanƙwasa shi ma ya lanƙwasa, saboda nan ne indoktans, wato turjiyar da hanya ke yi wa canjin karent, ya fi ƙanƙanta. To in ka tsaga shimfiɗar nan, ko don ka wuce da wani layi ta cikinta, ko don ka raba giraun ɗin analog da na dijital, ko ramuka sun jeru sun cinye tagullar wajen, sai layin sama ya tsallake tsagar amma na ƙasa ya rasa ta inda zai bi. Kamar gada ce ta karye a babban titi, motoci ba za su fasa tafiya ba, sai dai su kutsa cikin unguwa su yi dogon zagaye su tada wa kowa ƙura. Wannan zagayen shi ne eriya, yana watsa hayaniya waje, yana kwaso ta waje, yana lalata imfidans a daidai wajen, kuma duk layukan da suka tsallake tsaga ɗaya sai su dinga shiga maganar juna. Kaya da yawa da ke faɗuwa gwajin hayaniyar rediyo irin na FCC a Amurka ko na CE a Turai daga nan matsalarsu take. Ni a ganina in mutum doka ɗaya kawai zai riƙe, to ya riƙe wannan, kada layi mai sauri ya tsallake tsaga, kuma ya duba da idonsa leya bayan leya don kar ya dogara da manhaja.

Haka nan wajen canza leya. Layi ya taso a sama ya nutse ta ramin haɗi, wanda ake kira via, ya fito a ƙasa, to karent ɗin dawowa shi ma dole ya tashi daga wannan shimfiɗa ya koma waccan. In duka biyun giraun ne abu mai sauƙi, ka dasa ramin giraun ɗaya ko biyu dab da na siginar shikenan. In kuwa ɗaya giraun ce ɗaya ta wuta, kamar yadda aka saba jera leya 4 tun da daɗewa, to babu hanya sai ta cikin kafasita mafi kusa, wadda ƙila tana nesa. Wannan ne ya sa mutane da yawa yanzu suke mai da leyoyin ciki biyun duka giraun, su kai wuta da faffaɗan layuka a waje, in bod ɗin bai cika cin wuta ba. Ina goyon bayan haka ga yawancin ƙananan ayyuka.

Maganar tazara tsakanin layuka kuwa, za ka ji ana ta ambaton 3W, wato daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar maƙwabcinsa ya kai ninki uku na faɗi. Ba laifi a matsayin mafari, amma gaskiyar ita ce tsayin layi daga giraun ne ya fi yanke yawan kutsen da zai yi wa maƙwabci, in giraun na kusa filin siginar a matse yake, in yana nesa sai ya bazu. Sannan tsawon tafiyar da suka yi kafaɗa da kafaɗa ma yana da tasiri. Kulok da layin riset da siginar analog su suka cancanci a ba su fili sosai, sauran ba sai an ɓarnatar musu da waje ba.

Sai daidaita tsawo, inda nake ganin an fi yin wahalar banza. Milimita 1 na layi daidai yake da wajen fikosakan 6 zuwa 7. USB 2.0 da ta fito a 2000 tana gudun 480 Mbps, kowane bit yana ɗaukar fikosakan kusan 2080, kaga bambancin milimita 1 tsakanin tagwayen bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin 100 na bit ba. Amma PCIe 3.0 ta 2010 bit ɗinta fikosakan 125 ne, PCIe 5.0 ta 2019 kuma wajen 31, a nan milimita 1 ya cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na bit. Doka ɗaya ba za ta yi wa duka biyun ba. Wanda ya ɗora tsananin PCIe a kan USB 2.0 ko SPI zai cika bod da lanƙwashe-lanƙwashe marasa dalili, su cinye waje, su tilasta masa ƙarin leya da ƙarin kuɗi, kuma lanƙwasar kanta in an matse ta sigina na tsallakawa daga wannan ɓarin lanƙwasar zuwa wancan ya iso da wuri fiye da yadda manhaja ta lissafa. Tsananta doka inda ba a buƙata illa ce, ba taka-tsantsan ba ne. Wani abin kuma, lokaci ake daidaitawa ba tsawo ba. Layin leyar waje rabin filinsa a iska yake don haka ya fi na ciki sauri, santimita 10 a waje da santimita 10 a ciki na iya bambanta da wajen fikosakan 100, alhali manhaja na nuna maka tsawonsu ɗaya. Shi ya sa ake cewa rukuni ɗaya su bi leya ɗaya da yawan ramuka ɗaya. A tagwayen layi kuma inda bambancin ya faru nan ake gyara shi, in a lanƙwasa ɗaya ya fi ɗaya tsawo to a kusa da lanƙwasar za ka rama, ba ka bari sai can ƙarshe ba bayan sun yi doguwar tafiya ba a jere ba.

DDR misali ne mai kyau na yadda sanin tsarin abu ke rage maka aiki. Layukan data an kasa su takwas-takwas, kowane rukuni da nasa tagwayen DQS da ke gaya wa mai karɓa lokacin da zai karanta, saboda haka takwas ɗin nan da DQS ɗinsu su ne za ka daidaita sosai, amma rukuni da rukuni akwai sassauci mai yawa. Layukan adireshi da umarni kuma da kulok ake auna su. Tun daga DDR3 aka koma bin memori ɗaya bayan ɗaya a jere da rezistocin rufewa a ƙarshe, kulok na isa kowanne a lokaci daban, kuma kwantirola da kansa yake auna wannan bambancin ya gyara lokacin da aka kunna. Wanda bai san haka ba zai zauna yana ƙoƙarin mai da layi sittin ko saba'in tsawo ɗaya. Lambobin haƙuri na gaskiya suna cikin takardar jagorar zane ta kamfanin da ya yi furosesa ɗin, kuma wani lokaci har da tsawon da ke cikin jikin aisin kansa sai an haɗa a lissafi.

Akwai kuma abubuwan da ake tsoratar da mutane da su alhali sai an kai wani mataki suke fara ciwo. Lanƙwasa mai kusurwa 90 ita ce ta farko, an daɗe ana cewa tana lalata sigina, a saurin da yawancinmu ke aiki tasirinta ƙanƙani ne ƙwarai, ka yi 45 don tsafta amma kar ka ɗauka ita ce ta kashe maka bod. Ragowar ramin haɗi da ke lilo bayan sigina ya fita a leyar ciki shi ma haka, a bod mai kaurin milimita 1.6 sai wajen 20 GHz zuwa sama yake kama rawa, amma a ƙaton bod na saba, wato babbar kwamfutar cibiyar bayanai, inda ragowar ta kai milimita 4 abin na saukowa kusa da 8 GHz, daidai inda PCIe 4.0 ke aiki, shi ya sa su suke biyan kuɗin a sake huda ta baya a cire ragowar. Saƙar gilashin FR-4 ma ba ɗaya take ko'ina ba, zaren gilashi Dk ɗinsa wajen 6, ƙaron kuma wajen 3, in ɗaya daga tagwaye ya hau kan zare ɗayan ya faɗa tsakani sai su bambanta a sauri, maganinsa a ɗan karkata layin ko a zaɓi saƙa mai matsi. Sannan FR-4 na shan ƙarfin sigina in tafiya ta yi nisa a gigabit da yawa, a nan ake komawa kaya irin Megtron 6 na Panasonic ko na Rogers masu tsada. Duk waɗannan gaskiya ne, amma mai zana bod ɗin ƙaramin kwantirola irin STM32 ko ESP32 da USB ɗaya bai kamata su hana shi barci ba, giraun ɗinsa da kafasitocin 100 nF da ya kamata su manne da ƙafafun wuta su ne abin dubawarsa.

Wajen shigar da dokokin cikin manhaja, a kula da wace doka ke danne wace. A Altium kowace doka na da lambar fifiko, ta 1 ita ke gaba. A KiCad, tun fitowar na 6 a ƙarshen 2021 ana iya rubuta dokoki na musamman, kuma wadda take ƙasa a rubutun ita ake fara dubawa, don haka gama-gari a sama, keɓaɓɓu a ƙasa. In ka juya su sai dokarka ta USB ta zauna a rubuce amma ba ta aiki, kai kuma ba ka sani ba. Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa ita ce ka karya dokar da gangan, ka ja layi siriri a inda bai kamata ba ka ga ko DRC za ta yi ihu. Sannan ƙarƙashin aisi irin BGA, wanda ƙafafunsa ƙananan ƙwallaye ne a ƙarƙashinsa, mai tazarar ƙafa milimita 0.8, faɗin da ka lissafa ba zai wuce tsakanin ƙwallayen ba, a nan sai ka zana yanki na musamman ka ba shi dokarsa ta sirantaka, layi ya matse na 'yan milimita kaɗan ya fito ya koma faɗinsa. Wannan ya fi ka sassauta dokar duk bod ɗin, kuma ya fi ka bar kurakurai ɗari suna ja kana cewa ai na san da su, don a cikin ɗarin nan ne na gaske guda ɗaya zai ɓuya.

Dalilin da ya sa na damu da wannan musamman ga masu aiki daga nan gida, injiniyan da ke babban kamfani in bod ya ƙi yana da osiloskof mai gigahaz da yawa da zai ɗora ya ga abin da ke faruwa, kuma a kawo masa sabon bugu cikin 'yan kwanaki. Mai zane a Kano ko Kaduna ko Zariya galibi ba shi da wannan na'urar, kowane sake bugu kuma kuɗin dala ne da kuɗin jirgi da jiran makonni. Abin da ba za ka iya aunawa bayan an buga ba dole ka tsare shi tun a zane. Ina ba da shawarar kowace doka da ka sa ka rubuta a gefe daga ina ta fito, shafi kaza na takardar aisi, ko lissafi da jerin leya kaza, ta yadda ranar da ka canza masana'anta ko ka ƙara leya za ka san waɗanne lambobi ne suka mutu.

In ka zo tura fayil kar ka tura Gerber, wato fayilolin zanen leyoyin, kawai ka yi shiru. Ka faɗi jerin leyar da ka yi lissafi da shi, ka zaɓi bugu mai kula da imfidans in aikin na buƙata, ka nuna wane faɗi a wace leya ke neman om nawa. Dabara ɗaya da ake yi ita ce a ba layukan imfidans faɗin da babu wani layi mai irinsa a bod ɗin, misali 0.152 maimakon 0.15, don injiniyan masana'anta ya iya zaƙulo su cikin sauƙi in zai ɗan gyara faɗin ya dace da kayan da ke hannunsu. Masana'antu da yawa suna buga ɗan guntun gwaji a gefen faranti su auna imfidans ɗinsa da na'urar TDR, kuma in ka nema za su iya haɗo maka sakamakon da kayanka.